Tsohuwar da ke Gindin Gunkin Ƙarfe

Kiyoto shi kaɗai ya hau tudun, don abokin tafiyarsa ya saɓa alkawari. Ya wuni yana zaga gumakan ƙarfen da masu fasaha suka kakkafa a gonakin shinkafa bayan girbi, babu wanda zai ce wa "kalli wancan". Rana ta faɗi, hanya ta ɓace masa, ga motar ƙarshe na dab da tashi.

Sai ya hangi wata tsohuwa tsugune a gindin wani gunki.

"Kaka, ina hanyar tasha?"

"Ɗan birni ke nan, ido na sama, ƙafa na daji! Biyo ni. Amma cire ƙararrawar korar namun dajin nan da ke rataye a jakarka, tana damun masu barci."

Ya cire, ya bi ta. Busassun ganyaye na ƙara a ƙarƙashin takalminsa, nata takun kuwa shiru. Hanyar sai ƙara hawa take yi.

"Kaka, ba gangarawa za mu yi ba?"

Ta juyo tana murmushi. Nan ya lura da farar rigarta, ɓarin dama ya rufe na hagu, saɓanin yadda masu rai ke ɗaurawa a ƙasarsu. Sau ɗaya ya taɓa ganin an ɗaura riga haka: ranar da aka shirya gawar mahaifiyarsa.