Gangar da Shuqin Ta Bari

Ranar da muka fara binne kurangar inabi, Dou Wenhai ya kawo wa ma'aikatana abinci, ya ga 'yata Lanying, ya tsaya da ludayi a hannu. Sanyi na gangarowa daga dutsen Helan, duk kurangar da ƙanƙara ta tarar a waje ta mutu ke nan. Na ga kallon nan, na san ba inabi kaɗai zan iya rasawa bana ba.

Naman rago yake dafawa a bakin hanya. Da ya nemi aurenta, na ce ban yarda ba. Littattafan giyar da na karanta sun fi tukwanensa yawa.

Wayar Lanying ta yi haske a kan tebur, saƙon Wenhai ne, na karanta, ban ji kunya ba.

"Barkonona, kin ci abinci? Tsohon yana hararata har yanzu?"

Amsarta: "Ai kowa ma yake harara. Taho, kuma ka wanke hannu."

Ni ina da nawa zaɓin, Fang Zhe, ɗan dillalin giya daga Yinchuan, gwanin juya giya a kofi.

A ɗakin ƙasa akwai gangar jar giya da matata Shuqin ta haɗa da inabi iri uku. Ranar da ta ba ni na ɗanɗana, na ce ta ɓata ta, bauri ya kama harshe kamar shayin da ya kwana. Ta toshe gangar. Bayan wata biyu muka binne Shuqin. Kurangar dai ana tono ta da bazara.

Na kira samarin biyu, na ce wanda ya faɗi gaskiyar giyar nan shi zai auri 'yata. Lanying ta gaya mini a hankali cewa in na ba Fang ita, na gama ganinta. Muryar uwarta ce sak.

Fang ya shinshina, ya lissafo 'ya'yan itacen da bai taɓa ci ba wai ƙamshinsu ya ji, ya ce bauri ya kashe ta. Daidai maganata. Na kusa miƙa masa hannu.

Wenhai ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya fita. Lanying ta zaci guduwa ya yi, idonta ya cika. Sai ga shi da haƙarƙarin rago mai kitse, gishiri da tafarnuwa kawai, ya ce mini:

"Kawu Qiao, ci tukuna, sannan ka sha. Wadda ta haɗa wannan, da tukunya a ranta ta haɗa."

Na ci, na sha. Kitsen ya kwance baurin, wani zaƙi mai duhu ya taso daga ƙasa, ɗan tsamin ya wanke baki ya nemi wata lomar. Sai na tuna. Ranar da na fara ɗanɗana ta, Shuqin ta ajiye farantin nama kusa da kofin, na ture shi gefe don kada ya ɓata mini harshe, kamar yadda littafi ya ce.

Aka yi bikin da bazara, makon da aka tono kurangar. Gangar ta ƙare kafin naman. Na sa musu albarka, na ce su daɗe, su riƙa cin abin da aka ajiye musu.

Kofi na ƙarshe na kai shi kan kabari, da faranti.

Shuqin, ba ki ɓata ta ba.