Akwatin Tokar Fagoda

Da almuru Selina ta isa wani dogon bene a birnin Alexandria. Nas ce, 'yar Jos, tana kula da wata tsohuwar Baturiya, Madam Irene, a hawa na can sama.

Ta tarar da ita zaune da ƙaramin akwatin zinariya a cinya. Ɗakin na ƙamshin wani turaren wuta da Selina ba ta sani ba.

"Mijina ne ya haƙo shi a Asiya," in ji tsohuwar. "Daga gindin fagoda, hasumiyar ibadar mabiya Buddha. Ta haura shekara dubu a tsaye. Sarakuna sun binne duwatsu masu daraja a ƙarƙashinta, tare da tokar gawar malamin da ya gina ta. Duwatsun ya sayar. Tokar ce a nan."

"Madam, a sha magani tukuna."

"To, riƙe min."

Selina ta karɓa. Akwatin da zafi, kamar jikin mai zazzaɓi.

Tsohuwar ta saki dogon numfashi. "Yafe min, 'yata," ta ce da raɗa. "Ba ya sakin mutum sai wani ya karɓa da hannunsa."

Selina ta yar da shi kan gado, ta fice. Lif, na'urar hawa da sauka, ya ƙi zuwa. Ta bi matakala.

Ba ta yi nisa ba siminti ya koma katako. Tsohon katako, mai kuka ƙarƙashin ƙafa. Fitilu suka mutu. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika mata hanci. Ƙananan ƙararrawa na kaɗawa, alhali ba iska.

A bayanta, takun ƙafa ba takalmi.

Ta tsaya. Takun ya tsaya.

Wata murya ta fara karatu ƙasa-ƙasa, dab da kunnenta.

"Yesu!"

Ta gangara, ta bangaje ƙofa. Sai ga ta a bakin titi, gwiwa na jini, motoci na wucewa.

Madam Irene ba ta kai safiya ba. Dangi sun birkice ɗakin, babu akwati. Selina ta bar aikin. Ta yi azumi, fasto ya zo ya yi addu'a.

Wata Lahadi da yamma, a gidansu da ke garin Greenbelt, ta leƙa ɗakin ƙaramar 'yarta Tracy. Yarinyar na zaune a ƙasa, ta harɗe ƙafafu irin zaman malaman Buddha, baya a miƙe.

"Tracy, zo ki ci abinci."

Yarinyar ta waiwayo a hankali, ta dube ta yadda tsoho ke duban baƙo.

Har yau ba ta sake amsa wannan sunan ba.