Kafinta Ya Toshe Hanyar Amarya

"Ki daina kuka, rabin raina," in ji Dogo. "In aurenmu zai raba coci, gara na haƙura..."

Na ce ya haƙura shi kaɗai, ni ban iya ba.

Baba ne faston cocinmu, Dogo kuwa kafintan da ke gyara mana benci. Laifinsa ɗaya, ɗan ɓangaren dama ne. Tun kafin a haife ni ƙabilarmu ke zama a hagu, tasu a dama, ga hanya a tsakiya. Waƙa ɗaya muke rerawa, amma ko mafici ba ma ara wa juna.

Dattawanmu suka zo har falo suka ce in Baba ya ba da ni ga "waɗancan", za su kwashe iyalansu su bar masa cocin. Baba bai ce uffan ba, abin ya ƙona min rai. Mutumin da ya sasanta da limamin layinmu, har yake kashe lasifikar coci in an kira salla, shi ne ya yi gum a kan 'yarsa! Na koma gaishe shi a daƙile, Mama na ta hararata.

Ran Alhamis Baba ya kira Dogo ofis. Na ce shi ke nan, sallamarsa zai yi. Daga nan ban ƙara ganin Dogo ba, sai ƙarar guduma nake ji daga coci.

Ran Lahadi kowa ya shigo ya yi turus. Babu hanyar tsakiya. An haɗe bencin hagu da na dama an buga musu ƙusa, sai 'yar hanya a gefe. Wuri na cika, dole aka riƙa matsawa, har babban dattijonmu ya tsinci kansa kafaɗa da kafaɗa da kakar Dogo, tana yi masa fifita.

Baba ya miƙe.

"Na daɗe ina wa'azin ƙaunar maƙwabci a bakin ramin da ya raba ku. Na ba kafinta 'yata. Mai fita ga ƙofa nan, amma sai ya roƙi na kusa da shi hanya."

Wasu suka fita, Baba ya bi su da jajayen idanu. Dattijon ya yunƙura, kaka ta ci gaba da fifita, ya koma ya zauna.

Da aka tashi na durƙusa gaban Baba ina kuka. Ya dafa kaina.

"Tashi, uwata. Sai dai ranar aure ta gefe za ki shigo, mijinki ya toshe hanyar amarya."