Layin Mansura

Ku matso. Zulai, ajiye wayar nan ko in fasa. Kun dame ni da tambayar abin da ya raba Yaya Nafi'u da aikin asibiti. To, ku kasa kunne.

Shi ke kula da rumbun bayanansu. Duk wanda aka kwantar, ko aka haifa, ko ya rasu, yana da layi a kwamfutarsa. Jerin uwaye daban, na jarirai daban, amma kowane jariri a ɗaure yake da layin uwarsa. Kuma a aikinsu gyara ba ya zama sai ka tabbatar. Kafin nan kana iya janyewa. Ku riƙe wannan.

A asibitin nan matarsa Mansura ta rasu, ranar Alhamis, wajen haihuwar Walida da ke barci can ɗaki.

Bayan sadakar arba'in, wata rana gab da magariba, yana zaune shi kaɗai a ɗakin injina mai ɗan karen sanyi. Ya buɗo layinta ya zuba masa ido. Kullum haka yake yi, bawan Allah.

Sai ga wata tsohuwa, ba sallama. Daɓen ɗakin nan ko kyanwa ta taka sai ya yi ƙara. Ita har ta iso bayansa, shiru. Da ta yi magana, bakinta bai motsa ba. Daga cikin fankokin injin muryar ta fito.

"Ɗana, kana da ajiyar bayanan ranar Laraba?"

"Ina da ita, Iya."

"Mai da layin matarka yadda yake ran nan. Ta dawo."

Ko a'uziyya bai yi ba. Kada ku ga laifinsa, ni ma da ni ce haka zan yi. Ya jawo ajiyar, ya ɗora. Allon ya nuna: tana raye. Ƙamshin humrar Mansura ya cika ɗakin. A bayan ƙofa ya ji muryarta.

"Yau ka daɗe fa."

Saura ya tabbatar. Amma yana da wata al'ada da abokan aiki ke yi masa tsiya a kai: ba ya tabbatarwa sai ya ƙirga layuka. Ya ƙirga. Uwaye daidai. Jarirai sun ragu da ɗaya.

Ranar Laraba ba a haifi Walida ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Ni ce. Ni ke riƙe da yarinyar a gida.

"Yaya, jikinta ya yi sanyi! Ba ta motsi!"

"Danna," in ji tsohuwa.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. "Buɗe mini mana. Sanyi nake ji."

Ina jin numfashinsa ta waya. Can ya ce, "Ki yafe mini, Mansura." Ya janye.

Walida ta callara kuka a hannuna. Ƙamshin ya ɗauke. Da ya waiga, ba tsohuwa, ba kowa a bayan ƙofa.

Washegari ya ajiye aiki. Na ce masa aljana ce kawai ta ari muryarta, ya ce ya sani. Ya ce, "Amma da farko ɗauke ta aka yi. Na biyun ni ne na ƙi buɗe mata." Wallahi duk sanda na tuna sai zuciyata ta karye.

Don haka kada in ga waninku shi kaɗai da magariba ya tasa sunan mamaci a gaba. Ku yi addu'a ku kwanta. Kuma kada wanda ya gaya wa Walida.