Ranar da Na Zama Idon Kaka

Har yau in na ji ƙarar jirgin sama, Kaka nake tunawa. Ina tuna farar hularsa da sandarsa mai kan ƙarfe. Ina tuna yadda yake kirana Aku, wai don bakina ba ya hutawa.

Ina aji huɗu a lokacin. Cutar yanar ido ta rufe idanun Kaka, har ba ya gane mutum sai ya ji muryarsa. Wani likitan ido a wata ƙasa ya ba mu ranar da zai yi masa aiki. Wata biyar muka yi muna jiran ranar nan. Mama ta ce in muka rasa ta, sai kuma baɗi.

Ni da Mama muka raka shi. Ban taɓa shiga filin jirgi ba sai ranar. Ƙasan wurin yana sheƙi, har ina ganin takalmina a ciki. Bayan an duba kayanmu, muka shiga wani babban zaure inda matafiya ke jira.

Na yi sa'a na samo mana kujeru biyu a jikin taga. Daga nan ana ganin jirage sarai.

Mama ta ce, "Zan je in bi layi, a haɗa mana kujerunmu wuri ɗaya. Ki kula da Baba. Yau ke ce idonsa."

Na ce, "To, Mama."

Kaka ya yi dariya. "Aku ce idona? Ai kuwa yau zan ga abin da ma babu."

Kaka yana da hali ɗaya da Mama ba ta so. Yana shan sigari. Mama na ba da baya, ya fara laluben aljihu.

Ya ce, "Kin san na taɓa hawa jirgi ina saurayi? A lokacin har a cikin jirgi ake sha. Akwai ɗan mazubin toka a hannun kowace kujera. Hayaƙi ya cika ko'ina, jarirai na ta tari, mu ko a jikinmu."

"Yanzu fa, Kaka?"

"Yanzu an hana, kuma sun yi daidai. Na ji an ce wasu filayen suna ware ɗaki don masu sha. Wasu kuma babu sam, sai mutum ya fita waje. Duba mini, Aku. Me aka rubuta a nan?"

Na ɗaga kai. Ga allo nan daidai saman kanmu. An zana sigari a cikin jan da'ira, an ja layi a kansa. Ko ɗan aji ɗaya ya san ma'anarsa. Can gaba kuma ga wani allon mai kibiya, yana nuna hanyar ɗakin masu shan sigari. Amma ɗakin yana da nisa, can ƙarshen zauren.

A daidai lokacin wata 'yar mota ta fara tura wani ƙaton jirgi da baya. Ga mutane tsaitsaye suna harin kujerunmu. Na san muna tashi za a zauna.

Sai na ce, "Ba a rubuta komai ba, Kaka. Nan babu laifi."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Bai sake tambaya ba. Ya kunna sigarinsa hankali kwance.

Ko zuƙa uku bai yi ba, wata mata da ke kusa da mu ta fara tari. Ta ɗauke jaririnta ta tashi tana harararmu. Mutane suka juyo. Wani ya ce, "Dubi tsoho da furfurarsa, a ƙarƙashin allon ma!"

Sai ga jami'in tsaro ya iso, fuskarsa babu wasa.

Ya ce, "Baba, kashe wannan. Ka san ka karya doka? Ba ni fasfonka da takardar shiga jirgi. Sai mun je ofis."

Kaka ya kashe sigarin. Mama ta iso da gudu.

"Baba, me ya faru? Ba na bar ka da yarinyar nan ba?"

Na jira Kaka ya faɗi sunana. Na runtse ido.

Sai na ji ya ce, "Laifina ne. Ni na kunna."

Ofishin ƙarami ne, da tebur ɗaya da agogon bango. Jami'in ya zaunar da Kaka ya fara cike wata doguwar takarda. Ya ce sai shugabansa ya zo ya sa hannu kafin a sake mu. Ana cikin haka muka ji sanarwa. An fara kiran fasinjojin jirginmu.

Mama ta ce, "Ranka ya daɗe, ka taimaka. Gobe za a yi masa aikin ido. Wata biyar muna jira."

Jami'in ya ce, "Hajiya, allon yana saman kansa. Wanda ya ga doka ya take ta, me zan ce masa?"

Na dubi Kaka. Ya sunkuyar da kai, ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa. Mutumin da ko manyan unguwa suke durƙusa wa, yau shi ne ake yi wa faɗa kamar yaro. Ni na jawo masa, kuma ya ƙi tona ni. Wannan shi ya fi yi mini ciwo.

Kuka ya ƙwace mini.

Na ce, "Bai ga allon ba! Ba ya gani! Ni ya tambaya, na ce masa babu komai. Na ga allon, na ga kibiyar ma. Ba na so in tashi daga taga ne."

Mama ta riƙe baki. Jami'in ya ajiye biro, ya matso ya duba idanun Kaka da kyau. Sannan ya juyo gare ni.

Ya ce, "'Yata, kin san dalilin dokar nan? A zauren nan akwai jarirai. Akwai masu ciwon ƙirji. Shi ya sa aka ware ɗaki mai fanka da ke zuƙe hayaƙin. Ƙaryarki ta cuci kakanki, ta cuci mutanen da ba ki sani ba."

Na ce, "Na tuba. Ba zan ƙara ba."

Ya kira shugabansa a waya, ya yi masa bayani. Da ya gama, ya miƙo wa Mama fasfon.

"An yi muku afuwa, gargaɗi ne kawai. Gaskiyar yarinyar nan ce ta cece ku. Ku hanzarta!"

Har keken tura marasa lafiya ya samo wa Kaka. Mu ne na ƙarshe da suka shiga jirgin.

A ciki na kasa haɗa ido da kowa. Na ɗauka Kaka ba zai sake yarda da ni ba har abada. Sai na ji ya lalubo hannuna, ya danƙa mini takardarsa.

Ya ce, "Aku, karanta mini. Wace lamba ce kujerata?"

Na duba na ce, "Ashirin da uku, Kaka. Jikin taga."

Ya ce, "To, kai ni. Amma ke za ki zauna a tagar, ki riƙa faɗa mini abin da kike gani. Na gaskiya fa."

An yi aikin lafiya, Kaka ya dawo gida da idonsa garau. Ni kuma na dawo da darasin da ban taɓa mantawa ba. In wani ya dogara da kai, ka faɗa masa gaskiya, ko da za ta raba ka da abin da kake so. Amana ba abin wasa ba ce.