Kwano Biyu na Awara

Kwana biyu ke nan Lanying tana ba surukinta Baba Ran ruwan romo zalla, shi kuwa yana kallon cokalin kamar zai yi kuka. Kansar tumbi ce ta kama shi, aka yanke rabi, sai ta sake ɓulla a ƙulluwan bayan hanji, har azabar baya ta hana shi miƙewa. Likitocin asibitin birnin Chongqing na ƙasar Sin suka ce za su ƙone ƙullun da sautin na'ura, ba wuƙa ba ɗinki, amma da sharaɗi: kwana uku ba wake, ba madara, ba duk abin da ke kumbura ciki.

Ana haka Guizhi, yayar mijin Lanying, ta faɗo daga ƙauye, ta leƙa kwanon, ta ɗaga murya a gaban majinyata.

"Ina marainiya za ta san darajar uba? A gidanmu mara lafiya ci yake ya sami ƙarfi. Da yunwa za ki ƙarasa mana shi?"

"Yaya, likita ce ta ce..."

"Likitar ce ta san cikinsa ko mu? Kwashe tsummokaranki!"

Nan take ta buga wa ƙaninta waya a birnin Shenzhen, shi ma ko tambaya bai yi ba, ya ce Lanying ta fita. Baiwar Allah, wata takwas tana kwashe aman tsohon nan, yau ita ce makashiya! Ta koma benci a baranda tana share hawaye, tana roƙon Guanyin mai jinƙai, abar bautarsu, kada komai ya ɓata aikin gobe.

Da safe aka kifa Baba Ran a kan kwarmin ruwan na'urar. Likita ta dubi hoton cikin, ta kashe komai, ta fito ranta a ɓace.

"Wa ya ba shi abinci? Hanjinsa cike yake da iska, sautin na'urar nan kuwa ba ya ratsa iska. Da na ci gaba, hanjin zan ƙone."

Guizhi, ko kunya babu, ta nuna Lanying da yatsa. Sai ga muryar tsohon daga kan gadon da ake turowa.

"Guizhi, ya isa. Awara kika kawo min da barkono, kwano biyu, ni kuma na cinye. Kwaɗayi mabuɗin wahala."

Aka hana Guizhi shiga ɗakin, aka sake ƙirga kwana uku, Lanying ce riƙe da cokali. Wannan karon aikin ya tafi lafiya. Likita ba ta ce cutar ta ƙare ba, amma kafin mako tsohon ya taka har bakin taga da bayansa a miƙe.

Ranar da aka yarda ya sha kunun shinkafa, mijin Lanying ya iso yana sunkuyar da kai. Guizhi, da aka sake bari ta shigo, ta riga kowa ɗaukar kwanon. Baba Ran ya rufe bakinsa gam.

"Ku kira min 'yata."

"Ga ni, Baba," in ji Guizhi.

"Ba ke ba," ya ce, yana miƙa wa Lanying cokalin.