Takarda Ƙarƙashin Faifai

"Manzo, yaushe za ka taho ka yi mishi sakiyar nan, tun kamiyon Yamai bai iso ba?"

Habsa na bayan danga tana surfen dawar agaji ta ji surukarta, Inna Dijatu, tana tambayar Manzo wanzami. Taɓarya ta tsaya mata cak a hannu.

Shekarar fari ce, ruwa ya yi nisa a rijiyoyin Kurfai. Mijinta Magagi yini yake tsaye yana jan guga saboda shanu huɗun da suka rage, har jijiyoyin ƙafarsa suka kumbura suka murɗe kamar igiya, gyambo ya ɓalle a idon sawu. Lokotoron Filinge, wato likita, ya ce sai an je Yamai an zare jijiyar da ta lalace.

"Kada ƙarfe ya taɓa ta a gida," in ji shi, "jinin ba zai tsaya ba."

Ya ba shi takardar da za a karɓe shi da ita. Kwana biyu, takarda ta ɓace.

Habsa kuwa ta ga sa'ad da Inna ta cusa ta cikin jinka. Amma amaryar wata bakwai ba ta ɗaga ido gaban suruka, balle ta buɗe baki.

"Ubanshi da ƙafa tai ya tahi Yamai," Inna ta ce wa Manzo, "ko kushewa tai ban gani ba!"

Washegari da hantsi Manzo ya tura kibiyar sakiya cikin garwashi. Bakinta ya fara ja. Habsa ta rarrafo da ƙwaryar kunu rufe da faifai, ta aje gaban mijinta. Magagi ya ɗaga faifai – sai ga takarda!

"Ke! Ina kika samo ta?"

"Iska ta maƙale ta ga danga," ta ce, kanta ƙasa.

Magagi ya janye ƙafarsa. "Kashe wutarka, Baba Manzo. Yamai za ni."

Da kamiyo, babbar motar Yamai, ya tashi da shi, Inna ta juyo.

"Iska, ko? To, in yaron nan bai komo ba, iskar nan ta kwashe ki ke ma!"

Kwana arba'in ba labari. Saniya ɗaya ta faɗi. Habsa ta yi ta daka, tana kai wa Inna tuwo ana turo mata shi, tana kuka cikin mayafi.

Ran kasuwa sai ga Magagi ya sauko daga kamiyo da ƙafafunsa biyu, ɗaya naɗe da farin ƙyalle.

"Amarya, ba ki gane ni ba? Sun zare mini igiyar guga!"

Inna ta fashe da kuka, ta dubi Habsa, tana jiran a tona ta. Habsa ta miƙa mata ruwa da hannu biyu. Ta fahimci tsoro ne ya ɓoye takardar, ba ƙiyayya ba, kuma mai haƙuri kan ceci mijinta ba tare da ta kunyata uwarsa ba.

Ta ƙudurta a ranta: zancen jinka, ko Magagi ba zai ji shi ba.